MALAMIN ASIBITI: KOYONSA DA IYAKARSA

Daga wani ɗalibi na ajin ƙarshe, mutumin Rikoto, ƙasar Zuru

 Edita ya nemi ko wannenmu ya kawo abin da zai amfani jama'a cikin wannan fitowa, ni kuwa na daɗe ina juya wata magana a zuci, sai na ga yau ranarta ta zo.

Ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, ko wanne a ba shi ajinsa. Wata rana wani yaro zai tsaya gabanka ya ce, "Malam, ni aikin asibiti na ke so, ina hanya?" In ka ce masa ya je ya zama likita, ka sallame shi ne kawai, ba ka amsa masa ba, gama ba ko wane uba ne ke da halin riƙe ɗansa shekara 6 a jami'a ba. Amma akwai wata hanya wadda ta fi kusa, aikinta kuwa ba ƙarami ba ne, watau aikin mataimakin likita, wanda mutanenmu su ke kira malamin asibiti. Shi na ke so mu yi nazarinsa tare, mu san abin da a ke koya masa, da abin da ya sa a ke koya masa shi.

Wane ne malamin asibiti?

Malamin asibiti shi ne wanda aka koya wa duba marar lafiya, da gane cututtukan da su ka fi damun jama'a, da ba da maganinsu bisa ƙa'idar da aka rubuta masa, da tura wanda ciwonsa ya yi tsanani zuwa wurin likita. A babban asibiti yana aiki ƙarƙashin idon likita. A ƙauye kuwa shi kaɗai ne, daga shi sai ɗakin shan magani da akwatin allurarsa.

Ku dubi ƙasarmu ta Zuru. Masarautar ta haɗa ƙananan hukumomi 4, watau Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba. Ƙasa ce ta duwatsu da rafuka, mutanenta manoma ne, da yawansu suna zaune tunga-tunga nesa da titi. Mu mutanen Rikoto mun yi sa'a, babban asibiti yana kusa da mu cikin garin Zuru. Amma mutumin da ke wata tunga bayan Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji, in ɗansa ya kwanta cikin damina, rafi ya kawo, ba likita zai fara gani ba. Malamin asibiti zai gani, abin da malamin nan ya yanke cikin sa'ar farko kuwa, sau da yawa shi ke raba tsakanin warkewa da rashi.

Abin da na gani da idona

Da hutun damina na je gaida wana a tungar da ya ke noma, na tarad da ɗansa mai shekara biyu kwance, jiki kamar garwashi. Kwana uku ke nan ana kai shi wurin wani mai sayar da magani, wanda ya taɓa zama 'yan watanni a wani asibiti yana kallon yadda a ke yi. Kullum sai ya tsira masa allura, ya karɓi kuɗi, ya ce gobe a komo. Yaro kuwa sai baya ya ke yi. Ran na huɗu na ce, "Yaya, mu kai shi ɗakin shan magani." Ya ce, "Ai can ma allurar ce." Na yi ta lallashinsa har ya yarda.

Malamin da mu ka tarar dattijo ne, ba shi da gaggawa. Bai taɓa kwalba ko ɗaya ba sai da ya tambayi uwar yaron yaushe ciwon ya soma, ko yana kama nono, ko yana amai, ko ya yi jijjiga, da abin da aka riga aka ba shi. Sa'an nan ya buɗe ƙirjin yaron, ya dubi agogonsa, ya yi shiru minti guda yana ƙidaya numfashi. Ya ja fatar idon ƙasa, ya buɗe tafin hannun, mu duka mu ka ga sun yi fari fat. Ya soki yatsa, ya ɗiga jini a wani ɗan abin gwaji, bayan 'yan mintoci ya ɗaga kai ya ce wa wana, "Maigida, zazzaɓin cizon sauro ne, ya kuwa cinye masa jini. Wannan ya fi ƙarfina. Zan ba shi maganin farko don ya riƙe shi a hanya, amma jini ya ke bukata, ni kuwa ba ni da shi. Ku tashi yanzu, kada ku jira gobe."

Wana ya ce, "Malam, ka taimaka ka yi masa a nan, ko nawa ne zan biya." Malamin ya ce, "Da kuɗinka na ke so, da na riƙe shi. Ɗanka na ke so ya rayu." Ya rubuta takarda, ya sa abin da ya gani da abin da ya ba shi da lokacin da ya ba shi. Mu ka hau babur mu ka nufi gari. Aka ƙara wa yaro jini a daren nan, yau ga shi can yana bin awaki.

Tun daga ran nan na ke tunani. Mai sayar da magani da malamin nan duka biyu sun iya tsira allura. Abin da ya raba su shi ne, ɗaya ya san inda saninsa ya ƙare, ɗaya bai sani ba. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da na bincika yadda a ke koyar da malaman asibiti, sai na ga ashe duk karatun nan an gina shi ne don mutum ya iya faɗin kalmar da dattijon nan ya faɗa, a kan lokacinta.

Asalin aikin

Wannan aiki rashin likitoci ne ya haife shi, ba kuwa a ƙasarmu kaɗai ba. Faransawa sun buɗe makarantar koyon aikin likita a Dakar cikin 1918, don samarin ƙasashen da su ke mulka a Afirka ta Yamma, waɗanda su ka fita a kan ɗauke su mataimaka ne ga likitocin Faransa. Ɗaya daga cikin waɗanda su ka fita daga can cikin 1925 shi ne Félix Houphouët-Boigny, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Kwaddebuwa na farko.

A Nijeriya, Gwamnatin Ingilishi ta buɗe makarantar Yaba a Ikko cikin 1930 don koyar da mataimakan likita. Karatun yana da tsawo da wuya, amma takardar da a ke ba su ba ta da daraja sai cikin Nijeriya, albashinsu kuma bai kai na wanda ya yi karatu a Ingila ba, abin da ya jawo gunaguni mai yawa. Ba a soma karatun likita na jami'a a ƙasan nan ba sai da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948.

A Arewa kuwa, ɗakunan shan magani na En'e su ne asibitin talaka. A kan ɗauki yaro wanda ya iya karatu da rubutu, a koya masa wankin miki da ɗaurinsa, da auna magunguna 'yan kaɗan, a aika shi gunduma. Shi ne mutane su ke kira dispensa. An kafa makarantar koyon aikin tsabta a Kano cikin 1932, inda dubagari su ke fita, an kuma yi ta koyon haɗa magani a Zariya. Ku tuna fa, likita na farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko na Wusasa, wanda aka haifa cikin 1912, sai da ya ƙetare teku zuwa Jami'ar Birmingham kafin ya sami takardarsa. To, a zamanin da likita ɗan ƙasa ya ke guda ɗaya tak, wa ke duba miliyoyin mutanen Arewa in ba waɗannan dispensoshi ba?

Kada ku zaci abin na matalautan ƙasashe ne kaɗai. A Amurka ma, cikin 1965, Dokta Eugene Stead na Jami'ar Duke ya buɗe ajin mataimakan likita, ɗalibansa na farko kuwa tsofaffin sojan ruwa ne waɗanda su ka yi aikin jiyya cikin soja. Mu mutanen Zuru, da kusan ko wane gida ya ke da tsohon soja, wannan labari ba zai ba mu mamaki ba.

Tsarin da a ke bi yanzu ya soma ne da shirin kiwon lafiya na Gwamnatin Tarayya na 1975, wanda ya sa jihohi su ka yi ta buɗe makarantun koyon aikin lafiya. Cikin 1978 ƙasashen duniya su ka taru a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani, su ka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne tushe. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya tsayin daka har abin ya kafu. Cikin 1992 kuma aka yi doka ta 61, wadda ta kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista da ba su lasin.

Hanyar shiga

Aikin hawa uku ne. Na ƙasa shi ne ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, karatunsa shekara 2, yawancin aikinsa kuwa cikin unguwanni ne, gida gida. Na tsakiya shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, karatunsa shekara 3, shi ne galibi a kan tarar yana riƙe da ɗakin shan magani. Na sama shi ne jami'in lafiyar al'umma, wanda a kan ɗauko daga cikin waɗanda su ka riga su ka yi aiki, a ƙara masa karatu a asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Mai son hawa na tsakiya sai ya gama sakandare, ya ci darussa 5 da kyau, watau Turanci, da lissafi, da ilmin halittu, da kimiyyar sinadarai, da fiziks. Yaron ƙasar Zuru yana iya neman kwalejin koyon aikin lafiya ta Jihar Kebbi da ke Jega, ko kuwa makarantar Tungan Magajiya cikin Jihar Neja, wadda ta fi kusa da mu. In ya gama, sai ya zauna jarrabawar hukumar nan ta ƙasa, ya ci, a rubuta sunansa, sa'an nan ya halatta ya taɓa marar lafiya. Ku gargaɗi iyayen yara su tabbata hukumar ta amince da makaranta kafin su zuba kuɗinsu, gama takardar makarantar da ba a amince da ita ba, ba ta kai mutum ga lasin.

Abin da a ke koya masa

Na fari, ƙirar jikin ɗan Adam da yadda ya ke aiki: zuciya da hanyoyin jini, huhu, hanta, ƙoda, hanji, ƙashi da jijiya. Wanda bai san yadda lafiyayyen jiki ya ke ba, ba shi da ma'aunin da zai gane marar lafiya.

Na biyu, tambaya da dubawa, nan kuwa ya kamata mu ɗan daɗe, don shi ne zuciyar aikin. A kan koya masa ya fara da kunne, sa'an nan ido, sa'an nan hannu, magani shi ne na ƙarshe. A kan kuma koya masa ya mai da abin da ya gani lamba, don lamba ba ta da son rai. Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Bugun zuciyar babban mutum yana hutawa tsakanin 60 ne da 100 a minti. Numfashin yaro kuwa yana da ƙa'ida wadda ko wane malamin asibiti ya haddace: jariri da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 a minti ya yi sauri, daga wata 2 zuwa shekara guda, 50, daga shekara guda zuwa 5, 40. Yaro mai tari wanda numfashinsa ya kai haka, a kan ɗauka ciwon ya sauka huhu, ba mura ba ce. Ga kuma wani ɗan tsiri mai launi uku da a ke zagaya damtsen yaro da shi. In kaurin damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa ce mai tsanani. Ku duba fa, agogo da ɗan tsiri ba su da tsada, amma a hannun wanda aka koya wa, sun fi akwati cike da kwalabe a hannun jahili.

Na uku, cututtukan ƙasarmu da maganinsu. Babbansu zazzaɓin cizon sauro. Likitan Faransa Laveran ne ya fara ganin ƙwayarsa cikin jini a Aljeriya cikin 1880, Ronald Ross kuma ya gano a Indiya cikin 1897 cewa sauro ke ɗauke da ita. Binciken da aka yi a Nijeriya cikin 2021 ya nuna Jihar Kebbi ce ta fi ko wace jiha yawan wannan ciwo ga ƙananan yara, gama an sami ƙwayar cikin jinin yara 49 daga ko wane 100 da aka gwada. Duk da haka ba ko wane zafin jiki ne cizon sauro ba, sabo da haka ƙa'ida ita ce a gwada jini tukuna. Sai gudawa, wadda galibi ta kan yi kisa ta hanyar ƙarar da ruwan jiki. Maganinta ƙunshin gishiri da sukari ne a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Sau da yawa uwa ta kan raina wannan, ta ce ita allura ta zo nema, sai malami ya yi haƙuri ya fahimtar da ita.

Duk waɗannan an tattara su cikin wani littafin ƙa'idodin aiki, wanda doka ta ɗora wa ko wane ma'aikacin lafiyar al'umma ya bi. Littafin ya jera alamu, ya ce in ka ga kaza, yi kaza, in kuwa ka ga kaza, tura shi gaba. Ba abin kunya ba ne a ga malami ya buɗe shi gaban marar lafiya. Wanda ya ce ya wuce duba littafi, shi ne abin tsoro.

Na huɗu, tsabtar aiki. Cikin 1847 wani likita a Biyana, Semmelweis, ya sa masu karɓar haihuwa su riƙa wanke hannu da ruwan magani, mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai, ko da ya ke abokan aikinsa da yawa sun ƙi yarda da shi. Yau wannan shi ne darasin farko a ɗakin jiyya. Allura guda, sirinji guda, mutum guda, sa'an nan a jefa cikin akwatin da aka tanada, gama allurar da aka maimaita ita ke ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wannan ta kai wa wancan.

Na biyar, rigakafi, da awon ciki, da karɓar haihuwar da ba ta zo da gardama ba. Wanda ya ke shakkar amfanin wannan, ya tambayi tsofaffi labarin agana, wadda aka shelanta ƙarewarta a duniya cikin 1980, ko kurkunu, wanda aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi cikin 2013. Cikin 2020 aka shaida Afirka ta rabu da shan inna na asali, ko da ya ke ana nan ana ɗiga wa yara maganin don wani reshensa bai ƙare ba. Cikin Disamba 2024 kuma aka soma allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, jihohin da aka fara da su kuwa Kebbi ce da Bayelsa. Sau 4 a ke yi wa yaro, daga yana wata 5. Masana ne su ka ƙago waɗannan magunguna, amma ƙafar malamin asibiti ce ta kai su tunga.

Na shida, rubutu. Ko wane marar lafiya a rubuta sunansa da garinsu da ciwonsa. In malami ya ga mutum uku sun zo daga unguwa guda cikin mako guda da zazzaɓi da sandarewar wuya, wajibi ne ya aika da labari nan da nan. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Irin wannan wuta da ƙyastu guda ta ke somawa, wanda zai fara ganin hayaƙinta kuwa shi ne mai riƙe da littafin ƙauye.

Ba a aji kaɗai a ke wannan karatu ba. A kan kai ɗalibai asibiti su yi aiki ƙarƙashin manya, a kuma kai su ƙauye su zauna, su ƙidaya gidaje, su dubi rijiyoyi da masai, su san abin da ke damun mutanen wurin.

Alamun da ba a jira

Ga waɗansu daga cikin alamun da aka ce in malami ya gan su, ya ba da taimakon farko, ya rubuta takarda, ya tura. Ya kamata mu ma malaman makaranta mu san su.

Ga yaro: ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, tafin hannunsa ya yi fari fat.

Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi, jijjiga, naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba a haihu ba.

Ga kowa: zazzaɓi da sandarewar wuya, ciwon ciki mai tsanani, ciki ya ƙage kamar allo, saran maciji. Game da maciji, musamman kububuwa wadda ke hana jini daskarewa, an hana tsaga wurin, an hana tsotsa, an hana ɗaure shi tamau da igiya. Sai a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa inda a ke da allurar dafi.

Abin da ke ja a ƙetare iyaka

In abin a rubuce ya ke haka, me ya sa waɗansu su ke ƙetarewa? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mutanen ƙauye su kan kira malamin asibiti likita, sunan kuwa yana da daɗi a kunne, har mutum ya fara jin nauyin ya ce abu ya fi ƙarfinsa. Ga kuɗi, gama wanda aka tura gaba ya tafi da kuɗinsa. Ga kuma roƙon dangi, kamar yadda wana ya yi, don sun san wahalar hanya da tsadar gari.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da wani zai iya kawowa. Zai ce, in dare ya yi, rafi ya cika, hanya kuma ba aminci, tura marar lafiya ba daidai ya ke da sallama shi ga mutuwa ba? Wannan gaskiya ce, ba na kuwa raina ta. Domin haka ne aka koya wa malami maganin riƙon hanya, domin haka ne kuma Gwamnatin Tarayya ta fid da wata manufa cikin 2014, wadda ta yarda a ƙara wa ma'aikatan lafiyar al'umma waɗansu ayyuka da dā sai nas ko ungozoma ko likita, musamman wajen ceton masu haihuwa, bayan an ba su horo a kai. Ashe iyakar tana matsawa. Amma koyo ne ke matsar da ita, da jarrabawa, da idon na gaba. Ƙarfin hali kaɗai ba ya matsar da ita, sai dai ya cika maƙabarta.

Rabonmu mu masu koyarwa

To, 'yan'uwa, ina namu a ciki? Malamin asibiti daga ajinmu zai fito, abin da mu ka shuka kuwa shi za a girba a ɗakin shan magani.

Mu ƙarfafa lissafi. A kan auna maganin yaro bisa nauyinsa: in an ce miligiram 15 ga ko wane kilo, yaro kuwa kilo 10 ne, to 150 ke nan. Wanda ya saba sakaci da sifiri a allo, wata rana zai ba da ninki goma. Mu ƙarfafa kyawun rubutu, don takardar da likita ya kasa karantawa ba ta yi amfani ba. Kada mu sa yaro ya ji kunyar harshen gidansu. A ƙasarmu tsohuwa da yawa ba za ta iya bayyana ciwonta sosai ba sai da C'lela, wanda Hausawa ke kira Dakarci, malamin da ya ji C'lela da Hausa da Turanci kuwa ya zama gada tsakaninta da likita. Mu kuma tura 'yan mata, gama akwai matar da za ta ɓoye ciwonta ga namiji har ya kashe ta, amma ta faɗa wa mace 'yar'uwarta.

Abu na ƙarshe ya fi sauran wuya. Mu koya wa yara cewa "ban sani ba" ba zagi ba ne. In mu ka doki yaro don ya ce bai sani ba, mu ka ƙyale wanda ya yi kame-kame da baki mai daɗi, to mun soma ƙera irin mai allurar nan da hannunmu. Hanyar koya musu kuwa ita ce su ji ta daga bakinmu. Ran da yaro ya yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ban sani ba, amma gobe zan zo maka da amsa," ka kuwa zo da ita.

Ga tambayoyi uku ga wanda ya ke so ya gwada wannan darasi a ajinsa:

1. Yaro mai wata 8 yana tari, an ƙidaya numfashinsa 56 a minti. Ya yi sauri ko bai yi ba? Don me?
2. Kawo alamu 4 da za su sa a ɗauki yaro zuwa babban asibiti ba tare da jira ba.
3. Wane bambanci ke tsakanin mai lasin da wanda ya koyi tsira allura da kallo?

In na yi kuskure cikin abin da na rubuta, malamaina su gyara mini, gama ni ma ɗalibi ne, wannan kuwa ba fannina ba ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa yaran da za a danƙa mana su amfani ƙasarsu. Haza wasalam.